Yanda zaka riƙe jirgin kamun kifi mai gudu in ya haura mil 60 ba tare da ya watsar da kai ba

Jirgin kamun kifi irin mai gudun nan, wanda tsawonsa yake ƙafa 20 ko 21 an ɗaura masa inji mai ƙarfin doki 250 a baya, in ya kai mil 70 a awa (wajen kilomita 113 kenan) to ba a cikin ruwa yake ba, a saman ruwa yake, kuma abun da ke taɓa ruwan ɗan fili ne can ƙarshen gindinsa wanda bai fi murfin akwati ba, sai kuma farfela. Duk sauran jikin a iska yake. Kaga kenan aikinka ya wuce murɗa sitiyari, kana daidaita abu mai nauyin fiye da tan ɗaya ne akan ɗan wuri, kuma duk daƙiƙa ɗaya kana cinye mita 31. Mutane dayawa suna ɗauka hannu ne ke riƙe jirgi, ni kam a ganina rabin aikin an gama shi tun jirgin yana kan tirela, hannu daga baya yake shigowa. Shiyasa zamu fara daga tudu.

Fara da leƙa ƙasan jirgin

Ka durƙusa ta baya ka kalli yanda ƙasan yake. Yawanci zaka ga siffar V, kuma kaifin V ɗin nan a digiri ake auna shi. Jiragen teku masu zurfin V suna kaiwa digiri 20 zuwa 24, irin zanen da mai zana jirage Ray Hunt ya yi wa jirgin ɗan tsere Dick Bertram mai suna Moppie wanda ya ci tseren Miami zuwa Nassau a 1960 cikin ruwa mai hauka, tun daga lokacin kowa ya gane V mai zurfi shine maganin taguwa. Amma fa yana da nasa halin, yana son kwanciya gefe, musamman in iska na bugun sa ta haƙarƙari. Jiragen tafki kuma, irin na masu gasar kifin bas a Amurka, zaka ga tsakiyar V ɗin an shafe shi ya zama ɗan faffaɗan layi a baya, shi ake kira fad, akansa jirgin yake hawa in gudu ya yi gudu. Akwai kuma na uku masu matakala a ƙasa wanda ke shigar da iska ƙarƙashin jirgi don rage gogayya, waɗannan dokarsu daban ce a kwana, zamu zo kai.

Tunda ka durƙusa, ɗauko dogon ƙarfe miƙaƙƙe ka ɗora a ƙasan, mita ɗaya da rabi na ƙarshe. In ka ga haske na wucewa ta tsakiya to ƙasan ya lotsa ciki, wannan yana danne goshin jirgi ƙasa komai tirim ɗin da ka bayar (tirim shine karkata ƙafar inji ciki ko waje don sauke goshin jirgi ko ɗaga shi). In kuma ƙarfen yana lilo to ƙasan ya yi tozo, shi kuma tsalle yake kawowa. Sau dayawa tirela da bata zauna daidai ba ce ke jawo lotsawar nan bayan shekaru.

Daga nan sai sitiyari, kuma anan nake so ka ɓata lokaci sosai. Ka sa wani ya riƙe sitiyari gam, kai kuma ka kama ƙafar injin ta ƙasa ka girgiza dama da hagu da ƙarfi. Bai kamata ya motsa ba sam. In yana ɗan ƙwas-ƙwas, ko iska ce ta shiga man sitiyarin haidirolik sai an fitar da ita, ko noti ya saki, ko robobin da injin ke zaune akai sun gaji. Wannan ɗan wasan da kake rainawa, a mil 30 ba zaka ma ji shi ba, a mil 65 kuwa shine zai sa injin ya dinga tuƙa kansa da kansa kana riƙe da sitiyari kamar ɗan kallo. Ka duba notunan da suka riƙe injin a jikin jirgi, ka shafa bakin farfela da yatsa ko akwai inda ya lanƙwashe ko ya tsage, shikenan.

Kaya da inda ka aje su

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, to in tankin aje kifi da rai yana cin lita 120, ka ɗauki ƙato guda ka zaunar a baya kenan. Fetur ya fi sauƙi, wajen kilo 0.74 duk lita, amma lita 180 ai ta haura kilo 130. Batir na dalma babba ɗaya yana kusan kilo 30 kuma wasu suna ɗaukar uku ko huɗu. Duk wannan yana canja halin jirgi, shiyasa jirgin da ka saba dashi da safe tanki cike ba shine wanda zaka dawo dashi da yamma tanki saura kwata ba.

Kaya masu nauyi su zauna ƙasa-ƙasa, kusa da tsakiya, daga kujerar direba zuwa baya. Akwatunan gaba a bar wa masu sauƙi kamar riguna da igiya. Dama da hagu kuma su yi daidai, in kai kaɗai ne a jirgin to ɓangarenka ya fi nauyi, sai ka matsar da akwatin kayan aiki ko anka ɗaya gefen. Tankin kifi kuwa ko a cike ko wayam, kar ka bar shi rabi, don ruwan rabi yana gudu daga gefe zuwa gefe kuma kullum yana zuwa ne inda jirgin ya riga ya karkata ya ƙara masa.

Kafin ka murɗa makulli: rigar ceto a jiki a ɗaure, ba a ƙarƙashin kujera ba, sannan igiyar kashe inji a maƙale a rigar. A Amurka tun 1 ga Afrilu 2021 doka ta wajabta saka igiyar nan ga direban jirgin da bai kai ƙafa 26 ba in yana gudu a saman ruwa, kuma dalilin a fili yake, in ka faɗa ruwa injin bai mutu ba sitiyari yakan karkace gefe ɗaya jirgin ya dinga zagaye yana dawowa daidai inda kake da farfela a buɗe.

Tsayin inji da farfela

In jirginka na da jak-filet, wato ƙarfen da ke ɗaga inji sama ko sauke shi a miƙe, to ka san inda yake tsaye. Ana auna tazarar tsakiyar sandar farfela daga ƙasan fad, kuma masu irin jiragen nan dayawa suna farawa daga wajen inci 3 da rabi ƙasa da fad sannan su dinga hawa da kwatan inci, suna gwadawa. Kwatan inci fa, ba inci guda ba. Duk hawan da ka yi gogayya tana raguwa gudu yana ƙaruwa, har ka zo wani wuri da abubuwa biyu zasu fara lalacewa: farfela ta daina riƙe ruwa goshin jirgi ya ƙi ɗaguwa, sannan ramukan shan ruwan sanyaya inji su fara shan iska. Shiyasa agogon matsin ruwa dole ne ga duk mai wasa da jak-filet, ka duba littafin injinka ka san mafi ƙarancin da aka yarda dashi, in allura ta fara sauka ko tana rawa a kwana ka sauke inji, ba'a musu da ita.

Farfela kuma a zaɓe ta yanda in ka bada wuta duka injin zai tsaya cikin zagayen da kamfani ya rubuta, injuna dayawa tsakanin 5,000 ne da 6,000 a minti. Ƙarin inci ɗaya a fic, wato nisan da farfela zata ci gaba a juyi ɗaya in bata zame ba, yana rage zagaye 150 zuwa 200, ragin inci ɗaya ya ƙara haka. Ga wani lissafi da nake so kowa ya iya: fic sau zagaye, a raba da (rashiyon giya, wato zagayen inji nawa ke juya farfela sau ɗaya, sau 1056), zai baka gudun da jirgin zai yi a mil a awa in da farfela bata zamewa ko kaɗan. Misali fic 25, zagaye 5,800, giya 1.75, ya bada mil 78 da rabi. In GPS ya nuna maka 70, to zamewarka wajen kashi 11 cikin ɗari ce, lafiya lau. In ka ɗaga inji zagaye ya hau amma GPS bai motsa ba, zamewa ce ta ƙaru, ka wuce wurin, koma baya.

Tashi da hawa fad

Nemi ruwa mai faɗi, kwance, babu jirage, babu kututture, kuma ranar da ba iska. Tirim ya koma ciki gaba ɗaya, wato ƙafar inji ta matso jikin jirgi. Ka bada wuta da niyya ba da tsoro ba, goshi zai ɗaga ya rufe maka gaba na ɗan lokaci sannan ya kwanta. Da ya kwanta sai ka fara bada tirim waje, da ɗan taɓi-taɓi, taɓa ka saki, taɓa ka saki. Zaka ji sitiyari da yake da nauyi ya fara sauƙi, feshin ruwan da ke fita ta gefenka ya ja baya ya wuce kujerarka, ƙarar injin ta canja. Wannan wurin da sitiyari ya yi sauƙi ka haddace shi a agogon tirim, shine gidanka, duk sanda abu ya rikice nan zaka dawo.

In jirginka na da totur na ƙafa da maɓallin tirim a jikin sitiyari ka more, don hannu biyu zasu zauna akan sitiyari koda yaushe. In babu, kuma kana da niyyar wuce mil 60 akai-akai, gaskiya ka saka, tuƙi da hannu ɗaya a wannan gudun ganganci ne.

In ya fara gyaɗa kai kamar ƙadangare, goshi sama ƙasa sama ƙasa a ruwan da ba taguwa, to tirim ya yi yawa ga gudun da kake kai, ko nauyi ya taru a baya. Injin yana ɗaga goshi amma gudun bai isa ya riƙe shi a sama ba sai ya faɗo, ya sake ɗagawa. Mayar da tirim ciki kaɗan har ya daina, ƙara wuta, sannan ka sake gwada tirim ɗin. Wannan mai sauƙi ne.

Tangaɗi

Wannan shine babban, wanda Turawa ke ce wa cain-wok. Wajen mil 60 zuwa sama, ya danganta da jirgi, jikin ya gama fita daga ruwa yana tsaye akan fad kawai, sai ka ji ya faɗa gefe ɗaya, gefen ya bugi ruwa ya turo shi ɗaya gefen, can ma ya bugi ruwa ya dawo, kuma kowane faɗuwa ya fi na baya ƙarfi. In ka bar shi, ko ya cillar da kai ko ya kife. Ba lalacewa jirgin ya yi ba, haka duk jirgi mai fad yake in ya yi gudu sosai, farfela tana juyawa gefe ɗaya tana murɗa jiki ɗaya gefen, ga kuma rabin fukafukanta a waje suna turin gindin jirgi gefe kamar mai tuƙi da filafili, ga fad siriri, dole wani ya daidaita kuma wanin nan kai ne.

Kuskuren da kowa ke yi, nima na yi shi, shine ƙoƙarin ratsa shi da wuta, wai in ka ƙara gudu zai daina. Baya dainawa. Ranar da na gwada haka sandunan kamun kifi suka tashi daga inda na ɗaure su, gwiwata ta bugi ƙasan dashbod, abokin tafiyata bai ƙara min magana ba har muka fito tudu. Kuskure na biyu kuma wanda ya fi muni shine ɗauke ƙafa daga totur gaba ɗaya don tsoro. In ka yi haka goshi zai faɗo da ƙarfi alhali jirgin a karkace yake, gefen goshin ya kama ruwa, gindi ya zagayo gaba cikin ƙiftawar ido, mutanen ciki kuma su ci gaba da tafiya inda suka dosa ba tare da jirgin ba.

Abun yi in ya fara: yatsa akan tirim ka mayar ciki, kana rage wuta a hankali a lokaci guda. Da ƙarin jiki ya koma ruwa zai nutsu da kansa. Tirim tukuna, totur a hankali, ka maimaita wannan a bakinka har ya zauna.

Koyon hana shi kuma haka ake yi. Ka hau daidai gudun da kake jin ya fara ɗan motsi, ka ce mil 58 ne, ka tsaya nan, kar ka wuce. A yawancin jirage farfela dama take juyawa kuma in inji na sama sitiyari yana jan hannu zuwa dama, saboda haka zaka riƙe da ɗan matsi zuwa hagu, sannan duk sanda ka ji jirgin zai faɗa dama ka ɗan buga sitiyari hagu ka dawo dashi nan take, bugun da bai wuce inci ɗaya ko biyu ba, da wuyan hannu ba da kafaɗa ba. Lokacin bugun shine komai, kafin ya faɗa ake yi, in ka bari ya faɗa sannan ka gyara to ka makara kuma gyaran naka zai haɗu da dawowarsa ya ƙara masa ƙarfi. Kar ka kalli goshin jirgi, kalli can nesa inda ruwa ya haɗu da gaɓa, ido zai ga karkata da wuri, mazauninka ma zai ji kafin ido. Wata dabara da ke taimakon masu koyo ita ce yin doguwar kwana mai faɗi sosai zuwa hagu, wadda da ƙyar za'a ce kwana ce, don matsin yana cire duk wani wasa a sitiyari sai ka ji jirgin ya zauna, daga nan ka dinga miƙar da ita kaɗan-kaɗan. In mil 58 ya zama ba komai, hannunka yana yi ba tare da ka yi tunani ba, sai ka ƙara mil ɗaya ko biyu. Tankuna dayawa na fetur zaka ƙona kafin ka kai ƙarshe, kuma ba kunya bane ka kwana biyu a 62.

Kar ka cika tirim har ƙarshe don neman mil ɗaya. In ka ga jelar ruwan da ke tashi bayan inji ta fi tsayin murfin injin, ƙarfinka sama kake watsawa, gudu baya ƙaruwa, kuma kana kusa da inda farfela zata saki ruwa gaba ɗaya, zagaye ya haura, goshi ya faɗo, a dawo maganar gindi ya zagayo.

Kwana da tsayawa

Jirgi bashi da birki, kuma ƙarfin da ke cikinsa a mil 60 ninki huɗu ne na mil 30, ba ninki biyu ba. Kafin kwana ka rage gudu tun kana miƙe, ka mayar da tirim ciki zuwa gidan nan da ka haddace ko ƙasa kaɗan don goshi da farfela su riƙe ruwa, ka leƙa baya da gefe, ka shiga kwanar da hannu mai laushi kana riƙe da wuta daidai, in ka fara fita ka ƙara wuta ka bada tirim. Kar ka danne tirim ciki duka kana gudu sosai, goshi zai nutse ya zama shine ke tuƙi. Jirgi mai matakala kuwa ba'a danna masa tirim ciki a kwana kuma ba'a yanke masa wuta a tsakiyarta, don gindinsa akan kumfa yake, da goshi ya kama ruwa baya zai zame, a rage gudu tun kafin a shiga a bar tirim a tsakiya. In zaka tsaya cak, sauka a hankali ka ɗan taɓa wuta a ƙarshe, in ba haka ba taguwar da ka tayar zata biyo ka ta hau ta baya ta jiƙa kowa.

In ruwa ya tashi

Anan maganar mil 70 ta ƙare. Taguwa ta gaba, tirim ciki kaɗan don kaifin V ya yanka ta, kuma in ta yi tsayi kar ka tunkare ta kai tsaye, ɗauke ta a karkace wajen digiri 30 zuwa 45 kana zigzag. In jirgi ya yi tsalle farfela ta fita ruwa, sassauta totur a iska ka mayar daidai lokacin sauka, in ba haka ba injin zai yi ihu sannan giya ta sha duka. Taguwar da wani jirgi ya bari ma haka, rage gudu da tirim kafin ka ratsa, musamman in iska na busowa ta gabanka, don gudunka da na iskar haɗuwa suke a ƙarƙashin goshi, mil 65 da iska mai mil 20 jikin jirgi 85 yake ji.

Iska ta gefe tana sa jirgi mai zurfin V ya kwanta ta ɓangaren da take fitowa, in kana da farantan tirim na baya, wato faranti biyu dama da hagu a gindin jirgi da ake saukewa ko ɗagewa, sai ka sauke na gefen da ya kwanta kaɗan-kaɗan har ya miƙe, taɓi ɗaya ka jira daƙiƙa biyu ka gani, don basa amsawa nan take.

Taguwa ta baya ita ce mai yaudara saboda tafiyar tana daɗi, ba duka ba jijjiga. Ɗage farantan duka, bada tirim waje goshi ya tashi, ka hau bayan taguwa ɗaya ka bi gudunta. In zaka tsallake ta to da ka kai ƙololuwa sassauta wuta, kar ka gangaro da gudu ka soka goshi cikin bayan ta gaba, jirgi zai tsaya cak ruwa ya shigo ta sama, ta bayan kuma ta ɗaga gindi ta juya ka a kaikaice. Famfon fitar da ruwa ya kasance a kunne tun kafin ka shiga irin wannan wurin, kuma duk wanda ke zaune a kujerar kamun kifi ta gaba ya sauko ƙasa ya kama ƙarfe.